Igiya Biyu a Jirgin Yaya Garba

Da sunan Allah na fara. Wannan labarin, ɗana Nasiru ne ya sa ni rubuta shi, ko da yake shi bai sani ba. Ranar sunan ɗan Amira, jikar yayana marigayi Alhaji Garba, muna zaune a kan tabarma ana raba goro, sai na ji wani baƙo a bayana yana tambaya wane ne wancan tsohon mai kaushin hannu. Aka ba shi amsa, ko rage murya ba a yi ba.

"Idi mai rijiya ke nan. Shi ne ya kashe wa yayansa sana'a saboda hassada."

Maganar ba ta dame ni ba, shekara goma sha biyar ina jin ta, kunnena ya saba. Abin da ya ƙona min rai shi ne da na waiga na ga ɗana Nasiru, da gemunsa da digirinsa, ya sunkuyar da kai yana latsa waya kamar an kama ubansa da akuyar sata. To, kai Nasiru, da yayyenka da ƙannenka, ku zauna ku karanta. Bokona na yaƙi da jahilci ne, amma zai isa ya faɗi gaskiya. Kuma tun yanzu ku sani, ba afuwar kowa na zo nema ba.

Mu biyu ne maza a wurin Babanmu, Yaya Garba da ni, sai babbar yayarmu Tabawa, wadda kuke kira Gwaggo. Baba mai haƙar rijiya ne, daga nan Kwanyawa har ƙauyukan Rogo ba inda ba a sha ruwan hannunsa ba. Yaya Garba sau ɗaya ya shiga rijiya, ya fito yana haki, ya rantse ba shi ba ita, ya kama awon hatsi. Allah ya buɗa masa, daga jaki ya koma mota, daga mota ya koma tirela. Ku ji da kyau, duk wanda ya ce muku mutumin nan marowaci ne ko mugu, ƙarya yake yi. Kwanon da ke kan ɗakin nan da nake rubutu a ciki, shi ya rufa min. Ni kuwa na zauna da Baba na gaji igiya. Abu biyu ya koya min da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Ba a shiga tsohuwar rijiya sai an zura fitila a kunne an gani, in ta mutu a ƙasa to iskar ciki ta lalace, mutum ma in ya shiga ba zai fito ba. Sannan ba a sauka da igiya ɗaya. Ɗaya ta aiki, ɗaya ta fitowa, kuma ta fitowar tana hannun wanda ka yarda da shi a bakin rijiya. Ranar da na yi ganganci na sauka da guda ɗaya, da aurena a lokacin, Baba ya jira na fito lafiya lau, sannan ya zabga min bakin igiyar a gaban masu gida. Mai riƙe min igiya shi ne Ɗan'azumi, mutumin Falgore ta Rogo, shekara talatin raina yana hannunsa bai taɓa saki ba.

Shekarar da abin ya faru, Yaya Garba ya dawo daga Umra da sabon zance. Wai an kai su wani gari mai duwatsu, ya ga akwatuna suna tafiya a sama a jikin waya, mutane a ciki suna kallon ƙasa. Ya ce me yaran Karaye da Rogo suka yi, da kullum Sallah sai an loda su a bayan mota zuwa Kano kafin su ga abin wasa? Niyyarsa kyakkyawa ce, na shaida. Ya sayo wani tsohon inji a Kudu, daga wani wurin wasa da ya rufe, aka shafe shi da sabon fenti, aka kafa turakun ƙarfe a gonarsa, ɗaya a wannan gaɓa ɗaya a waccan, waya ta ratsa saman kwarin nan da ruwa ke cikawa da damina. Akwati huɗu, kowanne yana cin yara huɗu, ƙofarsa da sakata ta waje don kada yaro ya buɗe. Mutanen gari suka sa masa suna jirgin Alhaji. Ni ya ba ni kula da wurin, ya ce ba shi da wanda ya fi yarda da shi. Ɗan'azumi kuma, da yake ya iya injin ban ruwa, aka ba shi kula da inji. Na tsaya a bakin kwarin na auna da ido, idon mai rijiya ba ya ƙarya a kan zurfi: daga tsakiyar waya zuwa ruwa gaba goma ne, ba ta kasa ba.

An gwada shi, ba zan ce ba a gwada ba. Buhunan masara aka loda, suka je suka dawo, jama'a suna tafi. Ni kuwa idona yana kan wani wuri a gindin injin, ramukan noti huɗu ba komai a jikinsu. Na ja injiniyan da aka ɗauko daga Kaduna gefe na tambaye shi.

"Baba, ai wurin hannu ne, wanda ake juyawa a jawo akwati in inji ya mutu. Ba a haɗo da shi ba."

"To, in ya mutu fa?"

"Ba ya mutuwa. In ma ya mutu, ga lambata."

Ya rubuta min lamba a bayan kwalin sukari. Daga Kaduna fa! Yara suna reto a sama cikin rana, ni kuma ina ƙasa ina riƙe da kwalin sukari.

Tsakiyar azumi, bayan la'asar, na sami Yaya a zaurensa. Gwaggonku tana bakin ƙofa, ta zo gaishe shi. Na gaida shi yadda ya kamata, na tambayi iyali da ibada, sannan na ce:

"Yaya, in jirgin nan ya tsaya a tsakiya da yara a ciki, da me za mu sauko da su?"

Gwaggo ce ta fara magana.

"Tofar da yawu, Idi! Wane irin mugun baki ne wannan? Ɗan'uwanka ya zuba dukiyarsa, maimakon ka ce Allah ya sa albarka, sai ka kira masa tsiya?"

"Na ce Allah ya sa albarka, Yaya Tabawa. Yanzu tambaya nake."

Yaya Garba ya ja carbi, ya dube ni.

"Idi, wanda ya tsare motocina a hanya shekara da shekaru, shi zai tsare yaran. Ko imaninka ne ya yi rauni?"

"Baba ma da Allah ya dogara, amma da igiya biyu yake sauka."

"Shi ya sa Baba ya mutu da riga biyu."

Wallahi wannan kalma ta shige ni, har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi zafi. Amma ku fahimci mutanenmu. A wurinmu, in ana shirin abin alheri, wanda ya ce "in ya lalace fa" shi ya kira lalacewar. Ba a yi wa sabon gida zancen gobara, ba a yi wa matafiyi zancen hatsari, sai dai a ce Allah ya kiyaye a yi shiru. Nan gidanmu ya yi kuskure, suka ɗauki tambayata mugun fata. Ni kuwa sana'ata kaf a kan wannan tambayar aka gina ta. Sau uku na koma masa, mu biyu, ba kowa. Na ce a ɗaga zuwa Babbar Sallah, a sa maƙera a Kano su ƙero hannun, ni kuma in koya wa mutum huɗu aikin igiya. Ya ce an riga an gayyaci hakimi da dagatai, da wane ido zai dube su? Ya ƙara da cewa akwatin farko ma yaran gidanmu ne za su shiga. Amira, 'yar lelensa, tana da shekara bakwai, ita ce a gaba. Kai Nasiru kana da goma, kai ne na biyu. Har an ɗinka muku kaya iri ɗaya.

Babarku Hajara ta ga na daina cin abincin kirki, ta tsare ni a tsakar gida tana tankaɗe.

"Malam, ka hana namu hawa mana, shi ke nan. Ka bar wa Alhaji abinsa."

"Na wasu fa? Su ba 'ya'ya ba ne?"

Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ce:

"Ni dai na san ka. In ka fara wannan shirun, akwai abin da ka ƙulla. Abin da za ka yi, ka yi shi da jikinka, kada ka taɓa ɗan kowa."

Da jikina kuwa na yi. Na je wurin Ɗan'azumi na faɗa masa abin da nake so. Ya daɗe yana sosa gemu, ya ce ni da shi za mu zama abin zagi a ƙasar Karaye da Rogo. Na ce na sani. Ya ce, "To, tunda kai za ka shiga, ni ne a baki." Iyakar maganar da muka yi ke nan.

Sallah ta faɗo ƙarshen damina, kwarin cike da ruwa. Washegari da hantsi aka buɗe. Kai, jama'a! Daga Daura ta nan Karaye, daga Falgore, har da 'yan rugage, mata da goyo, masu rake da masu alawa, an kafa rumfuna, manya suna kan kujeru. Na sa babbar rigata, a ƙarƙashinta na naɗe igiya biyu a ƙugu, har Hajara tana cewa na yi kama da mai cikin wata tara. Ku yaran an jera ku a bakin akwati, kuna ta tsalle. Na matsa kusa da Yaya na rusuna.

"Yaya, bari in fara zagayawa. A zura fitila tukuna."

Ya fashe da dariya, don ya san maganar gidanmu ce, kuma ya zaci na sauko. Ya ce wa hakimi, "Ranka ya daɗe, ka ga matsoracin namu ya yi zuciya." Da hannunsa ya tura min sakata. Wannan dariyar tasa ita ce ta ƙarshe da ya yi da ni, kuma na san haka tun ina shiga.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji tsoro. Shekara arba'in ina sauka ƙasa, ban taɓa hawa sama ba. Akwatin ya ɗaga, gonaki suka koma ƙanana, mutane suka zama kamar kaji. Da na kai tsakiya, inji ya yi tari biyu ya mutu. Akwatin ya yi gaba ya yi baya. Daga sama ina hango Ɗan'azumi, ya cire bel ɗin injin, ya cusa a jaka, ya hau babur ya miƙe hanyar Rogo, ba wanda ya lura da shi don duk ido yana kaina. Na kafa baki a tsakanin ƙarafan taga na kwarara murya irin ta cikin rijiya.

"Yaya! Ga shi ya tsaya! Ku sauke ni!"

Da fari dariya aka yi ta yi. Da aka gano ba bel, aka tura babur cikin Karaye, shaguna a rufe ana Sallah, wanda ya buɗe kuma ba shi da irinsa. Aka kira injiniya, wayarsa ta yi ta ƙara, da ya ɗauka ya ce yana ƙauyensu, sai jibi. Aka ɗaure tsani biyu aka ɗora a kwalekwalen masunta, ko rabi bai kai ba, kwalekwalen ya kusa kifewa da mutum uku. Samari wajen ashirin suka kama waya suna ja, ko motsi ba ta yi ba. Wani mai ƙarfin hali ya fara hawa turke wai zai biyo waya da hannu, na daka masa tsawa daga sama, mai unguwa ya riƙo ƙafarsa ya sauko da shi. Rana ta take. Ƙarfen akwatin ya yi zafin da ba ka iya jingina. Ban ɗauki ruwa ba da gangan, don yaran ma ba wanda zai ba su gora su shiga da ita. Kafin rana ta kai tsaka harshena ya manne, kaina yana sarawa, fitsari ya matse ni, kuma ni babba ne mai shekara hamsin da takwas da ya san zai sauka. Na riƙa duban ƙofar nan ina tunanin yaro huɗu a ciki, ɗaya yana kuka, ɗaya yana jijjiga sakata. A ƙasa dariya ta ɗauke. Na ga mata sun fara laluben 'ya'yansu suna riƙe musu hannu, ba wanda ya ce su yi.

Ana kiran azahar Yaya Garba ya taso daga rumfa ya zo bakin ruwa, ba hula a kansa. Ban taɓa ganin sa a waje ba hula ba.

"Idi! Ka ci mutuncina, ya isa haka! Me kake so?"

"Ba abin da nake so, Yaya. Ka sauke ni kawai. Ka ɗauka Amira ce."

Ya tsaya hannuwansa a sake. Na ga ya waiga ya dubi yarinyar, ya dubi tsanin da ke yashe a gaɓa, ya sake duban sama. Masu cewa na ji daɗi a wannan lokacin, Allah ya isa tsakanina da su. Yayana ne, shi ya goya ni ranar da Innarmu ta rasu. Hawaye na yi, sai dai ba wanda ya gani.

Awa huɗu cur na ba su. Da na ga ba sauran dabara a ƙasa, na zura hannu ta taga na laluba sakata, da ƙyar na kai, ƙarfe ya yage min fata har gwiwar hannu. Na kwance igiyoyina, na ɗaure su biyun a ƙarfen da ke riƙe da akwatin, na zarga ɗaya a ƙirji, na bi ɗaya da hannu, na sauka a hankali cikin kwalekwale. Da na taka ƙasa ba wanda ya yi tafi, ba wanda ya ce sannu sai Hajara, da ta miƙo min kwanon ruwa tana harara ta. Amira tana birgima da sabbin kayanta tana cewa Baba Idi mugu ne. Kai Nasiru kwana bakwai ba ka gaishe ni ba. Hakimi ya kira Yaya gefe ya ce a rufe tukuna, sai an sami hanyar sauko da mutane. Yaya ya wuce ta gabana bai tsaya ba.

"Daga yau ba ni da ƙani."

Washegari Ɗan'azumi ya dawo da bel, a naɗe cikin tsumma mai tsabta, ya ajiye a ƙofar zaure. Na aika liman ya gaya wa Yaya maganata tana nan, a ƙero hannu, in koyar da igiya, a buɗe da Babbar Sallah, ni zan fara shiga. Ya ƙi. Ya gwammace ya sayar wa 'yan gwangwan da a ce Idi ya yi gaskiya, kuma haka ya yi, aka yanka turakun aka loda a mota. Don haka in an ce na kashe sana'ar, ku ce mu biyu muka kashe ta, ni da taurin kaina, shi da nasa, nono ɗaya muka sha. Shekara goma sha ɗaya ba ya amsa sallamata. A masallaci in na tsaya a sahunsa sai ya canza wuri. Gwaggonku ta mayar min da naman layya har sau uku. Gidaje da yawa suka daina kira na yasar rijiya, wai mai baƙin ciki ba ya taɓa ruwan shan mutane. Na sha wannan duka, kuma da ciwo, ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba.

Abu ɗaya na yarda da shi: na kunyata shi a gaban jama'a, kuma ƙani ba ya yi wa wa haka. Amma sau uku na same shi a ɓoye, bakina bai isa ba, shi ya sa na sa jikina. Masu cewa ai da ban taɓa bel ɗin ba da injin bai tsaya ba, oho, wataƙila gaskiyarsu ne. Wataƙila da ya yi shekara ashirin yana yawo lafiya. Ni ban taɓa cewa zai tsaya ba. Cewa na yi, in ya tsaya fa? Fitilar da ake zurawa a rijiya ma sau tari da wutarta take fitowa, kuma ban taɓa jin wanda ya yi nadamar zura ta ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, wata ranar Laraba da yamma ya aiko a kira ni. Na same shi ya rame, idanu sun faɗa. Na durƙusa na gaishe shi, bai amsa ba. Ya dubi rufi ya ce:

"Igiyar nan, tun daga gida ka ɗauro ta?"

"Tun daga gida, Yaya."

"Da ta tsinke fa?"

"Biyu na ɗauka."

Ya rufe ido, ya yi wani ɗan sauti, ban san ko dariya ce ko tari ba.

"Kai dai ɗan Baba ne."

Bai ce ya yafe ba, ni ma ban roƙa ba. Amma ya bar hannunsa a cikin nawa har aka kira magariba. Bayan kwana biyar ya cika, ni na haƙa masa kabari, ban bar kowa ya taɓa min diga ba.

Igiyoyin nan biyu suna nan rataye a bayan ƙofar ɗakina, in na mutu kada a jefar. Jaririn da aka raɗa wa suna ranar nan, Garba aka sa masa, kuma Amira da kanta ta ce a kawo min shi in yi masa addu'a. Na ɗauke shi da hannun nan mai tabo.

Saboda haka Nasiru, in an sake faɗin maganar a gabanka, ka mayar da wayar aljihu, ka ɗaga kai. Kada ka yi faɗa, kada ka zagi kowa. Ka ce e, ubana ne, kuma ni ne na biyu a layin shiga akwatin. Sannan ka tambayi mai maganar, da ɗansa ne a sama, da me zai sauko da shi? Ka tsaya ka jira amsa. Ni na jira ta awa huɗu a cikin rana, ba ta zo ba.